Yatsun Likita Burul

Saribel, farkon watan Yuni

Zuwa ga Baban Mirim,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya, kai da dawakin da ka fi so a kaina. Yaya gwiwar? Yaya sanyin kan dutse? Japar direban motar madara ya ce goɗiyoyi sun fara haihuwa a rugarku, ya kuma ce ya gan ka kana ɗingishi kana rantsuwa ba ɗingishi kake ba. Ka riƙa ɗaure ta da safe kafin ka hau doki. Ga gurasa da ganyen shayi na ba shi ya kawo maka.

Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Ina shan ƙwayoyina na ciwon dajin nan safe da yamma kamar yadda likitana na Bishkek ya ce, ina cin abinci, har dankali na shuka a bayan gida. Yanzu ka ajiye kofin shayin kafin ka ci gaba, kada ka ƙona kanka: na koma aiki.

Na san na yi maka alkawarin zan kwanta in huta har ka sauko da kaka. Na kwanta kuwa. Na kalli rufin ɗaki har na san kowane itace da kamanninsa. Sai ga Ulkan ta shigo wata safiya, ta zauna a bakin gado. Maganar mijinta ce, abokinka Ishenbai. Ciwon dajin ya bar ƙirji ya shiga ƙashin baya. Ka san shi, mutumin da doki ya take masa ƙafa a wasan ƙwatar akuya ya miƙe yana dariya. Ta ce yanzu in abin ya taso sai ya kore ta waje ya rufe ƙofa don kada ta ji. To faɗa mini, a duk kwarin nan wa ke rubuta mofin, maganin nan mai ƙarfi na kashe raɗaɗi, in ba ni ba? Sauran likitocin tsoronsa suke ji kamar maciji. Na ɗauki jakata na bi ta, na rubuta masa, ya samu ya yi barci. Washegari na wuce asibiti, don ba shi kaɗai ke jira ba.

A can na tarar da sabon labari. Daga ƙarshen watan nan an daina karɓar takardar hannu a kan mofin da sauran magungunan da ake kullewa a akwatin ƙarfe. Likita zai rubuta ne a kwamfuta, saƙon ya tafi kai tsaye ɗakin magani. Amma kafin a ba ka izni sai an tabbatar kai ne kai: a duba katinka, a ɗauki hoton fuskarka, sannan ka ɗora yatsa a kan wani ɗan gilashi a gwada shi da zanen yatsanka da ke wurin gwamnati.

Kada ka zaci ina adawa da abin. Babu wanda ya kai ni murna. Ban manta da Ermek ɗan maƙwabtanmu ba, da aka tsinci gawarsa a bayan tasha, ƙwaya ta kashe shi, a aljihunsa da takardar magani mai sunana da hatimin jabu. Har yau in uwarsa ta hango ni sai ta sauya hanya, alhali ta san ba ni na rubuta ba. Saboda haka da masu tantancewar suka zo ni ce ta farko a layi.

Wani saurayi ne mai sabuwar kwat ke riƙe da na'urar. Kati ya wuce, fuska ta wuce. Na ɗora babban yatsa, fitila ta yi ja. Ya ce, "Inna, ki ƙara dannawa." Na danna. Ya ce in hura wa yatsan iska, na hura. Ya goge gilashin da bakin rigarsa. Muka bi yatsun nan kaf, na dama da na hagu, ko ɗaya bai shiga ba. Ka ga yadda ƙwayoyin nan suka yi wa hannuna kafin ka tafi, ja da salewa. To yanzu fatar ta yi sulɓi kamar cikin kofin tangaran, babu zane ko kaɗan.

Yaron ya sosa kai ya ce, "Inna, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba."

Na ce, "To wa ke tsaye a gabanka, aljana?"

Nas-nas suka tuntsire da dariya, shi ma ya yi. Na yi masa bayanin maganin da nake sha, na ce duk likitan ciwon daji ya san yana shafe zanen yatsa. Ya ce wallahi ya yarda da ni, amma a kwamfutarsa babu gurbin mutumin da ba shi da zanen yatsa. Ya rufe jakarsa, ya ce in yi haƙuri, suka shiga mota suka tafi.

Haƙuri kam ina da shi, amma Ishenbai ba shi da lokacinsa. Shekarun da na yi ina aiki a garin nan sun fi shekarun yaron can a duniya, ba kuwa ɗan gilashi ne zai sallame ni ba. Kada ka sauko saboda wannan, ka ji? Ka kula da goɗiyoyinka. Kada kuma ka faɗa wa Mirim in ka samu waya, tana da isasshen abin damuwa a Mosko.

Ka gaida maƙwabtanka na ruga. Allah ya tsare mini kai.

Matarka,
Burul

Saribel, tsakiyar watan Yuli

Baban Mirim,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Yaya jiki, yaya gwiwa, yaya dabbobi? Nonon goɗiyar da ka aiko ya iso, na sha, na kai wa Ishenbai rabi. Takardarka ma ta iso. Na karanta faɗan da ke ciki, na kuma gane da ƙarfi ka riƙa danna biron, don har ya huda takardar. Ka ce in ajiye aikin, wai na yi iya nawa. Ka kwantar da hankalinka, ba kai kaɗai ke faɗin haka ba, har kun yi yawa.

Wa'adin ya cika, takardar hannu ta daina aiki. Kubanich ya kira ni ofishinsa. Ka tuna shi, wanda na koya wa ɗinkin rauni, ga shi yau shi ne shugaban asibiti, har da tumbi. Ya zuba mini shayi da kansa, ya rufe ƙofa, ya rage murya.

Ya ce, "Yaya, abin nan ai mai sauƙi ne. Ni na'ura ta karɓe ni. Ki duba marasa lafiyarki, ki rubuta abin da kike so, ni kuma in zo in ɗora yatsa. Wa zai sani?"

Na ce, "Ni zan sani. Kai ma za ka sani, kuma ba za ka ƙara barci mai daɗi ba, na san halinka."

Ya ce ai kowa zai yi haka. Na ce masa wanda ya sassaƙa hatimina ya kashe Ermek shi ma sunan wani ya ara. In ni da nake kukan a tantance likitoci na zama ta farko da za ta ɓuya a bayan yatsan wani, to gara a dawo da takarda kowa ya yi abin da ya ga dama. Ban da haka, ranar da ya tafi biki ko taro ya ɗauki yatsansa ya tafi da shi, mutanena su yi yaya?

Sai ya kawo zancen ritaya, wai za a yi mini walima, a ba ni darduma. Na ce ya ajiye dardumar, ina da su. Daga nan ya kalli hannuna, ya ce ya karanta cewa in aka dakatar da ƙwayoyin na ɗan lokaci zanen yakan dawo. Bai gama rufe baki ba kunya ta kama shi, ya ce in yafe masa. Ba zan ɓoye maka ba, tunanin nan ya riga ya zo mini tun kafin ya faɗa. Na zauna da kwalbar a hannu na juya ta na sake juyawa. Amma na sha abina. Ba zan ba da raina don na'ura ta ji daɗi ba. Ba zan ari yatsa ba, ba zan ajiye aiki ba, ba kuma zan daina shan magani ba. Su ne za su gyara tsarinsu.

Na ce masa tunda shi ne mai yatsa, to ya ɗauki jaka ya biyo ni, ya duba Ishenbai da idonsa, ya rubuta da sunansa bisa gaskiya. Ya so ya kawo uzuri, na riga na miƙa masa hularsa.

Mun tarar da Ishenbai ya ciji gefen bargo, gumi ya jiƙa matashin. Da ya gan mu ya saki bargon ya ce, "A'a, yau har da babban mutum? Ashe mutuwata ta ƙaraso." Kubanich ya duba shi, ya koma ofis ya rubuta. Amma abin da ya rubuta ko rabin abin da jikin mutumin ke buƙata bai kai ba. Na yi masa magana, ya ce, "Yaya, in numfashinsa ya tsaya sunana ne a kwamfutar, ba naki ba." Ban zage shi ba. Tsoro ne, haka aka koya musu, ba ya fita a rana ɗaya. Sai dai maganin yakan sake Ishenbai tun kafin lokacin na gaba ya yi, sauran lokacin kuma shi da bargonsa ne. Haka sauran marasa lafiyata, matar nan ta Unguwar Gada da tsohon malamin lissafi. Ina zuwa in zauna da su in riƙe musu hannu, na san abin da zai sauƙaƙa musu, yana nan a akwatin ƙarfe, ni kuma ba ni da ikon rubuta shi. Tun da na fara aiki ban taɓa jin ɗaci irin wannan ba.

Ulkan kuwa ta sa hannuna a gaba. Kullum sai ta shafe mini shi da kitsen jelar rago ta naɗe da tsumma, wai zane zai tsiro. Zane bai tsiro ba, amma karnukan unguwa duk sun zama abokaina.

Abokinka yana tambayarka. Ya ce in faɗa maka har yanzu bai yarda kai ka ci wasan nan na shekarar aurenmu ba, wai alƙalin kawunka ne.

Na rubuta wa ofishin tantancewa na Bishkek, shiru. Na buga waya, aka ce in rubuta. Saboda haka gobe zan shiga mota in kai musu hannun su gani. Zan sauka a gidan ƙanwarka. Kada ka ce komai, kafin takardar nan ta iso gare ka na riga na isa.

Ka ci abinci mai zafi, ba busasshen cuku kaɗai ba.

Taka,
Burul

Bishkek, ƙarshen watan Yuli

Maigidana,

Ina gaishe ka da kyau, ina kuma fata kana cikin ƙoshin lafiya. Ƙanwarka da yaranta suna gaishe ka. Garin nan zafi kamar tanda, ina kewar iskar gida, kai ma ina ɗan kewarka, amma kada kanka ya kumbura.

Ranar da na fara zuwa ofishin, mai gadi ya tura ni taga, ta taga ta tura ni bene, na bene suka ce shugabar da maganar ke hannunta tana taro. Na ce ba komai, zan jira. Na sa farar rigata ta aiki na zauna a kan bencin da ke ƙofarta. Aka tashi ban gan ta ba. Washegari na dawo, haka ma ranar da ta biyo baya. Kafin mako ya ƙare ma'aikatan sun saba da ni. Wannan ya kawo mini hannu in auna masa jini, waccan ta kawo hoton ƙirjin uwarta in duba. Wani ya ce, "Likita, wai me kike jira ne a nan?" Na ce, "Ina jira a tabbatar ni likita ce." Ya kalli takardar maganin da na rubuta masa, ya ninke ta ya wuce.

A ƙarshe ta buɗe ƙofa da kanta. Sunanta Chinara, ba za ta wuce sa'ar Mirim ba, siririya, idonta duk gajiya. Ta ce, "Inna, shigo, kin mayar mini da baranda asibiti."

Na shimfiɗa hannuwana a kan teburinta. Ta duba sosai, ba ta kau da kai ba, wannan ya burge ni. Ta ce ta karanta takardata, ta kuma yarda da ni, amma ba ta da ikon tsallake yatsa. Ta ce, "In na buɗe miki ƙofa don na tausaya miki, gobe wani zai zo da labarin da ya fi naki ban tausayi, shi kuwa ɗan kasuwar ƙwaya ne. Kin san yara nawa takardun jabu suka kashe?"

Na ce, "Na san ɗaya, da sunana aka kashe shi." Na ba ta labarin Ermek. Na ce, "'Yata, ban zo roƙon ki tsallake komai ba. Na zo ne ki tantance ni fiye da yadda kika tantance kowa. Ki tambayi makarantar da na yi, ki tambayi likitana, ki kira duk wanda kike so. In yatsa ya gagara, ki nemo abin da ya fi yatsa. Amma kada ki ce mini babu ni. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Akwai likitocin tiyata da sabulu ya cinye musu yatsu, akwai wanda wuta ta ƙona. Su ma aljanu ne?"

Ta ce dokar ba ita ta rubuta ba. Muna cikin haka wayata ta yi ƙara, Ulkan ce. Na ce a yi mini uzuri na ɗauka, don ba ta kira sai da dalili. Ta ce tun safe abin ya taso masa, ta rasa yadda za ta yi. Sai na ji Ishenbai daga nesa yana cewa a ba shi wayar. Ya tambaye ni ina nake, na faɗa masa. Ya ce in miƙa wa shugabar. Na ce ba za a yi haka ba, amma Chinara ta riga ta ji, ta miƙo hannu ta karɓi wayar, ta buɗe muryar yadda duk za mu ji.

Ka san muryarsa da take cika fili. Yanzu sai ya ja numfashi tsakanin kalma da kalma. Ya ce, "Yarinya, an ce kina neman wanda ya san matar nan. Ni na san ta. Na nemi aurenta ta ƙi ni, ta auri wani mai karkatacciyar ƙafa da bai iya hawan doki ba. Burul ce. Duk ƙasar nan babu mai taurin kai irin nata, ba a jabunsa." Ya so ya yi dariya, sai ciwon ya kama shi a tsakiya. Sautin da ya fito ba zan rubuta maka shi ba. Ulkan ta karɓe wayar ta kashe.

Na ji haushin kaina da na bari baƙuwa ta ji shi a haka, shi da yake rufe wa matarsa ƙofa. Chinara ta miƙo mini wayar. Sannan ta ce, "Wannan ba shaida ba ce, kin sani."

Na ce, "Na sani."

Ta ce, "Ba zan sa miki hannu yau ba. Amma zan rubuta wa na sama da ni, ke kuma za ki zo ki tsaya a gabansu ki faɗi abin da kika faɗa mini, da bakin nan naki."

Na tsaya kuwa. Manya ne a kan dogon tebur, wani yana ta duba agogo. Ɗaya ya ce a shekaruna ai hutu ya fi dacewa da ni. Na ce in ya yarda ya koma Saribel ya karɓi marasa lafiyata, yau ɗin nan zan ba shi makullin ofishina da na gidana. Chinara ce ta kawo shawarar da suka karɓa: wanda ba shi da zanen yatsa ya zo da kansa da katinsa da shaidar karatunsa, likitoci biyu da aka riga aka tantance su tsaya masa, kowanne ya ɗora nasa yatsan a kan cewa ya san shi. Sannan a ba shi wani ɗan makulli da ake sokawa a kwamfuta, da lambar sirri da shi kaɗai ya sani. Ta ce hanyar ta fi ta kowa wuya. Na ce haka nake so.

Na buga wa Kubanich na ce, "Yatsan nan da kake ta yi mini tayi, ga ranarsa ta zo, taho da shi." Ya yi dariya, ya ce zai shigo motar safe. Shaida na biyu likitana ne na ciwon daji. Jibi zan je wurinsa. Dama yana ta aiko mini in zo mu duba sakamakon hoton da aka yi mini, ni kuma ban samu sarari ba.

Ka yi mana addu'a, ka yi wa abokinka.

Matarka mai taurin kai,
Burul

Saribel, watan Agusta

Baban Mirim, abin ƙaunata,

Gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da duk wanda ke tare da kai. Na dawo gida lafiya. Dankalin ya yi kyau, kaji sun cinye mini albasa.

An tantance ni. Kubanich ya ɗora yatsa, likitana ya ɗora nasa, Chinara ta miƙo mini makullin da hannunta ta ce, "Likita Burul, kada ki ba kowa aro." Na ce, "Ni kike faɗa wa?" Muka yi dariya. Ta ce tun kafin in bar gari wasu likitoci daga kudu sun bugo suna tambayar hanyar. Makullin bai kai ɗan yatsa ba, na rataye shi a wuya.

Daga tasha ban biya gida ba. Na je na duba Ishenbai, na wuce asibiti na soka makullin, na rubuta masa abin da ya kamata tun farko. Ulkan ta karɓo. Kafin la'asar ya yi barci, bakinsa a buɗe, yana minshari kamar tarakta. Ulkan ta zauna a ƙofar ɗakin tana sauraren minsharin tana kuka. Da ya farka ya ce yunwa yake ji, ya sha romo, ya sa aka fitar da shi tsakar gida ya ga dutse. Malamin lissafi ma ya samu sauƙi. Matar Unguwar Gada ba ta jira ni ba, ta rasu ina Bishkek, kuma ba cikin sauƙi ba. Na je na yi wa 'ya'yanta ta'aziyya, ban kuma ce musu komai ya wuce ba, don a wurina bai wuce ba. Na rubuta wa manyan nan na dogon tebur sunanta da yadda ta ƙare, su ajiye.

Ishenbai ba zai ga hunturu ba. Yanzu yana cikin hankalinsa, yana zolayar mutane, yana kuma son ganinka. In za ka zo, yanzu ne.

Akwai kuma wata maganar, ka sake ajiye kofin. Ranar da na je wurin likitana, ya ce zai tsaya mini shaida, amma in fara zama tukuna. Hoton bai yi kyau ba. Abin ya taɓa hanta. Ƙwayoyin sun daina aiki, ya dakatar da su, za a koma yi mini ƙarin ruwan magani lokaci-lokaci. Ya ce wataƙila zanen yatsuna ya dawo nan gaba. Na yi dariya har sai da ya tsorata. Ban tambaye shi saura nawa ba, shi ma bai faɗa ba. Ni likita ce, na ga hoton da idona.

Na yi kukana a motar dawowa, na gama, na share fuska kafin mu shigo kwari. Ban faɗa wa kowa ba sai kai, sai Kubanich. Shi dole ya sani, don likita ba ya rubuta wa kansa mofin. Ranar da nawa lokacin zai zo, shi ne zai zauna a gaban kwamfutar, ni kuwa ban yarda a ba ni rabin magani ba. Saboda haka yanzu duk gidan da zan shiga yana biye da ni da jaka, ina nuna masa yadda ake aunawa, yadda ake ƙarawa, abin da ake dubawa a ido da numfashi. Jiya shi ya ƙara wa malamin lissafi da kansa, bai waiwayo ya kalle ni ba. Na kuma sa ya tura sauran likitocin su koyo. Kwarin nan ba zai sake rataya a wuyan mutum ɗaya ba.

Mirim ni zan faɗa mata da kaina, amma ina so kana kusa in na buga.

A watan Yuni na ce kada ka sauko. Yanzu na ce ka sauko. Ka bar wa maƙwabta dawakin, ka biyo Japar ranar da zai juyo. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka shigo mini da fuskar ta'aziyya, ban mutu ba, ina da aiki. Ka zo da nonon goɗiya mai yawa, ka kuma shirya amsar da za ka ba abokinka a kan maganar karkatacciyar ƙafa.

In ka iso ba ka same ni a gida ba, ina asibiti. Ka zo ka zauna a benci ka bi layi kamar kowa, in na gama da mutane in duba maka gwiwar nan, sannan mu tafi gida tare.

Allah ya kawo mini kai lafiya.

Matarka har kullum,
Burul